Zangon Babana

’Yan shekaru kafin Turawa su tafi, motoci suka kashe mana zango. Babana ne sarkin zango a garinmu, kan hanyar da fatake ke bi daga Bebeji su gangara Tudun Wada da kanwa da gishiri. Cikin kukan jakai da hayaƙin murhun baƙi na tashi. Bayan rasuwarsa sai da aka yi shekara biyu ba wanda ya sauke kaya a wurin. Bukkoki suka zube, tafasa da ƙarangiya suka cinye fili. Ni kaɗai na rage a ɗakin bakin zango, sai in wuni ban ji muryar mutum ba. Shirun nan ya fi ƙarfina.

Sai na ƙudura in mai da wurin filin kokawa. Samarinmu a wani lungu bayan kasuwa suke yi, ga matsi ga duwatsu. Na ce in na gyara musu nan, ai kowace kaka zango zai sake cika.

Kawuna ya ce, “Ɗan nan, kai wa sarkin samari goro, a kira gayya.”

Na ce ba sai an yi ba. Gaskiya fushi nake da garin, don da zango ya mutu ba wanda ya leƙo mu. So nake in gama ni kaɗai, su zo su riƙe baki.

Wata biyu ina sassabe ina ƙona ciyawa. Na yashe rijiya. Na yi ta jido yashi daga rafi, mangala bayan mangala, har jakina ya fara hararata. Na kafa wa makaɗa rumfa a gindin tsamiya.

Da aka gama girbi na sa aka yi shela. Ranar kasuwa bayan la’asar samari suka zo, da yawansu kuwa. Suka tsaya a gefe, kowa na cewa sannu da aiki, amma ba wanda ya tuɓe riga. Na yi ta cewa bisimilla kamar mai tallan tuwon da ya kwana.

Can sarkin samari ya ja ni gefe, ya ce, “Yaya, wuri ya yi kyau, wallahi. Amma fa naka ne. Ba mai fartanya ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa shi. Ta yaya zan tsaya a nan in ce wane shiga, wane fita? Mu baƙi ne.”

Suka yi mini godiya, suka juya. Ba a jima ba na jiyo ganga daga bayan kasuwa. Kunya ta hana ni bin su.

Da damina ta zo na shuka dawa a filin. Ta yi kyau ƙwarai, ƙasa ce da ta sha taki shekara da shekaru. Ni kaɗai na girbe ta.