Wasiƙar Maƙwabcina da Na Ɓoye Wata Uku

Ni ne na yi kuskure, ba zan ɗora wa kowa ba. A 1978 ina tuƙin tasi a Jos, ina zaune a Gada Biyu, katanga ɗaya da wani malamin firamare. Ran da naƙuda ta kama matarsa, ya same ni da hantsi na cika mota da fasinjojin Bukuru. Na ce masa haihuwar fari takan daɗe, bari in kai su in dawo. Kafin in dawo ta haihu a gida, jini ya ɓalle. A motata ta cika, gab da ƙofar asibiti.

Bai taɓa yi mini maganar ba, shirun nan kuwa ya hana ni sakat. Bayan sadakar arba'in sai na riƙa ganinsa kan tabarma da la'asar yana ta rubutu. In na gaishe shi ya amsa, ya rufe littafin. Zuciyata ta ce ai ni ake rubutawa.

Ni nake ɗauko masa wasiƙu daga gidan waya. Wata rana ta Zariya ta zo, daga abokinsa marubuci da ya aika wa rubutun. Na kara ta a tururin buta na buɗe. Abokin ya ce bai taɓa karanta abin da ya ratsa shi haka ba, babin maƙwabci ma sai da ya ajiye ya share hawaye, a hanzarta aiko sauran don masu buga littattafai suna jira. Kalmar maƙwabci kawai na gani. Na cusa wasiƙar ƙarƙashin kujerar mota, na shiga faɗa a majalisa cewa malam ya ƙi yarda da ƙaddara, yana neman suna da mutuwar matarsa. Kullum ya tambaya ko akwai saƙo, in ce babu.

Bayan wata uku ya ce tunda abokinsa ya yi shiru, rubutun bai yi ba ke nan, ƙona shi zai yi, amma in zauna ya karanta mini wani wuri tukuna. Babin maƙwabci ne: yadda na haƙa kabarin har tafina ya fashe, yadda matata ta shayar da jaririyar. Ko sau ɗaya bai ambaci Bukuru ba.

Jama'a, in laifi na cin mutum, kowa ya kalle shi sai ya ɗauka tuhuma ce. Ku je ku faɗi laifinku, kada ku taɓa amanar da aka ba ku.

Na ɗauko wasiƙar, duk ta yi baƙin mai, na durƙusa na miƙa masa. Na roƙe shi ya yafe mini wata ukun nan da abin da na faɗa a majalisa, sannan ya yafe mini Bukuru.