Rigar da Arvo Ya Ƙi Sawa

Yayana Arvo Kinnunen bai taɓa zama wuri ɗaya ya shanye gahawa ba. A tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, da yamma kuma in tsinci kofin a kan shinge ko a kan motarsa, da saura a ciki. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara a hanyoyin yankinmu na Keweenaw, aikin kuma ya dace da shi, don kana share gaba baya na sake cikewa. Da ya yi ritaya muka shiga uku. Cikin wata biyu ya sake rufin gidansa, ya faskare itacen da zai ishi gida uku, ya yi ta gyara mini famfon da lafiyarsa ƙalau har sai da ya lalata shi. Matarsa Lorraine kaɗai ta iya da shi. Kallo ɗaya take masa ya nemi kujera. Da ta rasu babu sauran mai yi masa wannan kallon. Ni gidana na jikin nasa, amma ƙanwa ce, kuma har na shekara sittin da biyar bai fara jin maganata ba.

Bayan rasuwar ne ya sayo kayak, ɗan siririn kwalekwalen nan na mutum ɗaya, ya ɗaura masa fatsa biyu. Da a ce da zafi yake fita, da ban ce komai ba. Amma shi watan Afrilu yake jira, lokacin da ƙanƙarar babban Tafkin da muke zaune a bakinsa ta farfashe, kifin salmon ya matso bakin kogi. A irin ranakun nan rana takan fito fes, mutane su tuɓe rigunan sanyi su hau share tsakar gida, kowa ya ce hunturu ya wuce. A sama ne kawai ya wuce. Ruwan yana nan yadda yake, har da guntayen ƙanƙara suna yawo a cikinsa.

Shigar da yake yi kuwa ita ke hana ni sukuni. Wandon jins, takalman roba har cinya, sai tsohuwar kwat ɗin ulu ta Babanmu, mai ja da baƙi, wadda ya gada. Rigar ceto mai hana nutsewa yana tafiya da ita, ban yi masa ƙarya ba, amma a ƙarƙashinsa take, ya mayar da ita matashin zama. In na yi magana sai ya ce Baba shekara arba'in ya yi yana jan koma a Tafkin nan da wannan kwat ɗin, ko iyo bai iya ba, kuma a kan gadonsa ya mutu. In na tuna masa cewa jirgin Baba da rumfa da murhu a ciki, sai ya yi kunnen uwar shegu.

Babbar hujjarsa ita ce sauna. Tun muna yara kowace Asabar ake hura wutar ɗakin sauna da ke bakin ruwa, mu zauna mu yi gumi har fata ta yi ja, mu fito da gudu mu faɗa Tafki, ko da sai an fasa ƙanƙara. Duk gidajen da kakanninsu suka zo daga Finland haka suke yi a nan, kuma duk mazansu da wannan suke cika baki. Arvo bai taɓa fashin Asabar ba. Don haka a wajensa maganar a rufe take: shi da ruwan sanyi sun san juna shekara sittin, ba yau wani zai zo ya tsorata shi da shi ba.

'Yarsa Sanna, da ke aikin jinya a Duluth, ta gaji da roƙo a waya ta aiko masa da rigar ruwa. Ruwan ɗorawa ce, guda ɗaya daga wuya har tafin ƙafa, da roba mai kama wuya da wuyan hannu, yadda ko mutum ya faɗa ruwa jikinsa ba zai jiƙe ba, ulun da ya sa a ciki ya riƙe masa ɗumi. Arvo ya juya ta gaba da baya, ya yi godiya, ya rataye ta a ƙusa a zauren sauna. Shekara biyu tana nan. Yau ya ce tana shaƙe wuya, gobe ya ce ba zai fita kamar karas mutane su yi masa dariya ba. Kullum da sabon dalili, ni kuwa na ɗauka taurin kai ne kawai irin na gidanmu.

Duk ranar da ya fita ba na iya komai. In ɗora tukunya in je taga, in dawo in ɗauki saƙa in ajiye, in sake komawa taga da tabaran hangen nesan Baba. Burodin gargajiyarmu da muke kira nisu, guda nawa na ƙona a shekarun nan biyu, ban san iyaka ba. Tsoro nake ji, kuma haushin tsoron nake ji, don shi can yana nishaɗinsa ni nan ina kai-kawo a kicin kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Wata Laraba ina kallo ya kama babban kifi. Ya sunkuya zai ɗago shi, sai na ga cikin kwalekwalen ya taso sama, filafili ya kuɓuce, hannunsa ya nutse har kafaɗa. Na fita da gudu. Allah ya taimaka, kwalekwalen ya dawo daidai. Da ya iso ina tsaye a kan gadar katakon da muke ɗaure jirage, yana dariya yana ɗaga mini kifin. Ya ce in hura wuta, yau akwai gashi.

Na ce, "Arvo, ruwan da kake taƙama ka sani, tsirara kake shigarsa, jikinka na tururi, taki goma daga ƙofar sauna, ka ƙirga goma ka fito. Ka taɓa shigarsa da takalmi da kwat, jikinka a sanyaye?"

Ya ce ruwa ai ruwa ne.

"To gobe ka nuna mini. Nan ƙarshen gada, da kayan nan na jikinka, ba sauna. Ka kife kwalekwalen ka koma ciki, ka ɗaura ƙugiya a zare. In ka yi, na rantse ba za ka ƙara jin bakina ba."

Ya dube ni ya ce, "Har abada, Irja?"

Na ce har abada. Ya ce wannan garaɓasa ce, ba ya bari ta wuce shi.

Matasan da ke kamun kifi a kayak haka suke yi farkon kowace shekara, su gwada kayansu a bakin gaɓa kafin su yi nisa, a wajensu na ji. Amma da gari ya waye sai na raina wayona. Mutum mai shekara sittin da takwas zan tura cikin ruwan nan don in ci gardama? Na je in ce a fasa, na tarar har ya ja kwalekwalen, yana feɗuwa. Ba a fasa wa Arvo abu. Abin da na iya kawai, na hura wutar sauna a ɓoye don zauren ya ɗumama, na kai barguna, na kuma dage sai da ya yarda na ɗaura masa igiya a ƙirji. Ya ce in riƙe da kyau kada akuyata ta gudu.

A ƙarshen gadar ruwan iya haɓarsa yake. Ya zauna a kwalekwalen, ya gyara hula, ya kashe mini ido, ya kife.

Lokacin da kansa ya ɓullo daga ruwa ban gane fuskarsa ba. Baki a buɗe, yana jan numfashi da wata irin ƙara, ya ja ya ja ya kasa saukewa. Ruwa ya shiga bakinsa ya hau tari. Ina kiran sunansa, idonsa na kaina amma ba ni yake gani ba. Ya fi minti ɗaya a haka kafin numfashin ya lafa. Sannan ya birkito kwalekwalen, ya kama gefe ya yunƙura. Takalman sun cika da ruwa, kwat ɗin ta sha ta ƙoshi, ya ɗago ƙirjinsa kaɗan ya zame. Ya sake, ya zame. A karo na uku na ga yatsunsa sun daina kamawa, ɗora su kawai yake yi a kan gefen suna sulɓewa. Maganar ƙugiya ko tashi ba ta yi ba. Na ce ya isa, ya girgiza kai. Ban ƙara tambayarsa ba, na juya na saɓa igiyar a kafaɗa na bi gadar da ita, ina ja ina zaginsa ina kuka, har ya dafa duwatsun gaɓa da rarrafe.

A zauren sauna ya tsaya tsamo-tsamo, ruwa na zuba, haƙoransa na haɗuwa. Ya kai hannu zai ɓalle maɓallin kwat ɗin Baba, yatsun suka ƙi. Ya yi ta fama da maɓalli ɗaya, ni kuma na tsaya ina jira ya ce in taimaka, bai ce ba. Na ture hannunsa na ɓalle su duka, na tuɓe masa takalman, na naɗe shi da barguna, na riƙe masa kofin gahawa a baki. Ban ce na faɗa maka ba. Na shirya faɗin haka tun shekara biyu, amma da lokacin ya zo ba na so.

Na zauna a gefensa. Rigar Sanna na rataye a gabanmu, shi kuma ita yake kallo. Can ya ce, "Na gwada ta, ranar da ta iso."

Na ce to me ya faru.

"Zif ɗin a baya yake. Daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Mutum ba ya iya ja da kansa." Ya gyara bargon. "Da Lorraine na nan, da ba wani abu ba ne."

Na tashi na juya rigar. Ga shi nan kuwa, ƙaton zif mai tauri, kwance a gadon baya. Shekara biyu ina shiga zauren nan kowace Asabar ban taɓa juya ta ba. Na ce masa tsakanin ƙofarsa da tawa taki talatin ne. Ya ce ya sani, shi ya auna da ya yi shingen. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi, sai na fita na ƙara itace a wutar da ba ta buƙata.

Kwana huɗu bai fita ba, bai kuma zauna ba. A ciki ya kwance ƙofar rumbuna ya sake kafa ta a karkace. Ranar Talata da safe ina wanke kofuna na ji an ƙwanƙwasa. Arvo ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, faɗowa yake yi. Na buɗe na gan shi ruwan ɗorawa tun daga wuya har ƙasa, rigar ceto a hannu. Bai gaishe ni ba, bai dube ni ba, juya mini baya kawai ya yi ya buɗe hannuwa. Na kama zif ɗin da hannu biyu na ja, da ƙyar yake tafiya. Ya ce in kai shi ƙarshe, in ya rage ko kaɗan ruwa zai shiga. Na kai shi ƙarshe na ƙara ja. Na ce ya sa rigar ceton a jikinsa a gabana, ya yi tsaki ya sa.

Har yanzu yana fita kowane Afrilu, har yanzu ina zuwa taga, nisu kuma bai daina ƙonewa ba. Kwat ɗin Baba ce yanzu a kan ƙusar. Amma zif ɗin da ba ya iya rufewa, ba ya iya buɗewa ma. Duk inda ya kai, komai kifin da ya kamo, ba ya shiga gidansa sai ya biyo ta ƙofata ya juya mini baya, yana ɗiga yana mita wai na cika nawa. Ni kuwa ba na sauri. Nakan ce ya tsaya tukuna in goge hannu, sai in zuba gahawa in miƙa masa, kuma ba na taɓa zif ɗin sai na ga gindin kofin.