Ranar da Na Kai Surukina Tula

Ni na kawo shawarar, kuma a lokacin gani nake kaf unguwarmu ta Barunde babu mai dabarata. Surukina, mahaifin matata, ya shiga shekara ta uku ke nan a gidana, a ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, tun bayan da masu bindiga suka watsa ƙauyensu a duwatsun Gwoza. Ya iso Gombe a bayan motar kaya, daga shi sai 'yar shara da takalmin roba. Matarsa ta rasu tun kafin rikicin. Ɗansa namiji guda ɗaya, ƙanin matata, wanda suka gudo tare, shi bai iso ba. Duk wanda ya tambayi Baba, amsar ɗaya ce: "Mun rabu a hanya." Daga nan ko za ka kwana kana tambaya ba za ka ƙara jin komai ba.

Matata ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Tunda rabuwa aka yi a hanya, to yana raye a wani wuri. Duk Juma'a sai ta je unguwar Madaki, inda mutanen garinsu suka fi yawa, ta bi gida-gida tana tambayar ko an yi sabon zuwa. Baƙuwar lamba ta kira wayarta kuwa, ko da kumfar sabulu a hannunta sai ta ɗauka.

Shi kuma Baba ƙarewa yake yi a kan idonmu. A kai masa tuwo malmala biyu, a dawo da ɗaya da rabi. Na kai shi asibiti, likita ya duba ya ce ban da ɗan hawan jini bai ga komai ba, mu dai riƙa ɗebe masa kewa. To da me? Tsakanina da shi akwai kunya, iyakarmu in durƙusa in gaishe shi safe da yamma. Ga shi kuma zaman dattijo a gidan mijin 'yarsa shi ma ciwo ne mai zaman kansa. Ba zan ɓoye ba, shirunsa har haushi yake ba ni. In dawo daga ofis a gajiye, in tarar da mutum a bakin ƙofa ya zuba wa bango ido, sai in ji kamar ni ake tuhuma da wani laifi. Amma ina tsoron ya mutu a hannuna, don shi kaɗai ya rage wa matata a gidansu.

Wata Litinin abokan aikina suka shigo suna ta nuna hotuna a waya. Sun je Tula yawon buɗe ido a ƙarshen mako, kowa ya hau dutse ya baje hannuwa kamar shi ya ci garin da yaƙi. Ni abin da na hango a bayansu shi ya tsaya mini: gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kowace an tare ƙasarta da gajeriyar katangar duwatsu. Na ce shi ke nan, na gano maganin da ya gagari likita. Mutumin dutse ne, kewar dutse ke cinsa a wannan shimfiɗaɗɗen gari namu. A kai shi ya gani, ya sha iska, a yi masa hoto.

Da na gaya wa matata, ta daɗe tana kallona.

"Anya kuwa, baban yara?"

"Ke dai shirya mana abinci," na ce. Ba na son a sa mini anya a cikin dabarata.

Ranar Asabar muka kama hanya, damina ta kusa ƙarewa, ko'ina kore shar. Na matsa sai da Baba ya sa farar babbar rigar da na ɗinka masa da Salla, saboda hoto. Ya zauna a gaba da carbinsa, matata a baya da kulolin abinci. Muka wuce Kumo, muka wuce Billiri, a Kaltungo muka saki babban titi muka fara hawa. Tsohuwar motata tana nishi, ni kuma bakina bai huta ba, ina ta yi musu bayanin garin da ni ma a makon nan na ji labarinsa. Can da hanya ta fara lanƙwasa, gonakin suka bayyana dama da hagu, na saci kallon Baba na ga ya daina jan carbi. Na ce a raina, magani ya fara aiki.

A sama iska mai sanyi ke kaɗawa. Mun tarar da wasu 'yan Gombe sun riga mu, matasa maza da mata, sun kunna kiɗa a mota suna ta ɗaukar hoto. Wani dattijo ya zaga da mu tsohon gidan yarin da Turawa suka bari, yana ba da tarihi, ni ina ta gyaɗa kai ina tambayoyi don a san ɗan boko ya zo. Matata ta koma gindin wata bishiya ta shimfiɗa tabarma, don gwiwarta ba ta son hawa da sauka. Da na gama hotunana na juyo in kira Baba ya tsaya a yi masa nasa, sai na ga babu shi.

Dariyar matasan nan ce ta nuna mini inda yake. Sun jeru a bakin gangare sun saita wayoyinsu ƙasa, wani yana cewa, "Kai, ku zo ku ga Alhaji ya samu kwangila!" Na leƙa. Baba yana can ƙasa, hawa uku daga inda muke, a cikin gonar dawar mutane. Katangar gonar ta zube a wuri guda, giɓin ya kai tsawon tabarma, jar ƙasa ta kwararo ta kwantar da dawar da ke ƙasa. Ya naɗe hannuwan babbar rigar a kafaɗa, ya rungumo wani ƙaton dutse a ƙirjinsa. Gaban rigar ya riga ya zama ja.

Raina ya ɓaci. Na gangara da takalmin ofis, na zame sau biyu, na biyun da mazaunai na sauka, aka sake kwashewa da dariya a sama. Ina isa na manta da kunya, na manta da wa nake magana.

"Haba Baba, mene ne haka? Gonar mutane ce fa! Yawon buɗe ido muka zo, ba ƙodago ba. Ku dubi rigarku, ku dubi yadda yara suke mana dariya!"

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ko kallona bai yi ba. Ya ajiye dutsen, ya juya shi, ya sake juya shi har ya zauna daram, sannan ya miƙo hannu baya.

"Miƙo mini wancan. A'a, ba shi ba. Mai faɗin."

Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauko ba.

Muna cikin haka mai gonar ta ɓullo ta cikin dawa, wata tsohuwa 'yar Tula, da fartanya a kafaɗa. Na tare ta da ban-haƙuri, ina cewa baƙi ne mu, tsoho ne, ba shi da lafiya sosai. Ta wuce ni kamar ba da ita nake ba. Ta tsaya ta dubi jerin da Baba ya fara, ta sa ƙafa ta tura dutsen ƙasa, bai motsa ba.

"Daga ina?" ta tambaye shi.

"Gwoza."

Ta gyaɗa kai, ta ajiye fartanyar, ta fara miƙa masa duwatsu. A cikin aikin ne ta ce ruwan makon jiya ne ya fasa, 'ya'yanta maza duk suna Gombe, ɗaya kafinta ne a unguwar Herwagana, babu mai ɗaga mata manyan.

Mun fi awa guda a wurin. Ni da na zo kallo, na koma ɗan dako. A ranar na san ba tara duwatsu kawai ake yi ba. Manya a ƙasa, kowane a ɗan kwantar da shi ya jingina da jikin dutsen, ƙanana a cusa a tsakani, ba laka ba siminti. Na ga wani rami a jerin, na ɗauko tsakuwa zan toshe don in nuna ni ma na fara ganewa. Baba ya buge hannuna.

"Bar shi. Ta nan ruwa zai fita. In ka toshe, baɗi ma nan za ta fashe."

Maganar da ya yi a wannan awa ta fi wadda ya yi a gidana shekara biyu da wani abu. Har faɗa suka ɗan yi da tsohuwar a kan wani dutse, ita ta ce a kwance, shi ya ce a tsaye. Matasan sun gaji da kallo sun koma wajen kiɗansu.

Da aka ɗora na ƙarshe, tsohuwar ta ce mu jira ta, ta tafi. Baba ya zauna a kan katangar yana haki. Ya buga wurin da ke gefensa.

"Malam, zauna."

Ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Na zauna a ɗarare.

"Ba mu rabu a hanya ba," ya ce.

Ya faɗa mini a hankali, idonsa a kan kwarin da ke gabanmu. Da harbi ya tashi da safe, gonarsu suka nufa, can saman ƙauyen. Suna cikin hawa harsashi ya sami ɗan nasa a baya. Ya ja shi har gindin katangar gonar tasu, ya riƙe kansa a cinya, kafin azahar rai ya yi halinsa.

"Babu ruwa, babu likkafani. Ƙasa kuma dutse ce, ga babu fartanya, ga masu bindigar suna hawowa. Na cire rigata ta sama na rufe masa fuska. Na yi masa salla ni kaɗai, a tsugune, don kada a hango ni. Katangar gonar tamu ubana ne ya jera ta. Ita na rushe a kansa."

Na kasa ko da cewa Allah ya jiƙansa.

"Wajen da na rushe yana nan a buɗe. Damina uku ke nan ruwa yana bi ta kansa." Ya goge hannunsa a jikin rigar. "Ni ba zan iya gaya mata ba. Ita ta goye shi. Kai ne mijinta, ka gaya mata."

Tsohuwar ta dawo da ruwa a kwano da gasasshiyar masara guda uku. Muka hau sama. Matata ta ga rigar, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ubanta yana gaigayar masara, ya cinye tas, ya kuma ce a zuba masa shinkafa. Ta juya baya ta share hawaye. Da muna kwashe kaya ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Allah ya biya ka, baban yara. Ashe kai ne da gaskiya." A mota ita ce mai surutu. Har cewa ta yi in ƙaninta ya dawo sai mun kawo shi shi ma ya gani. Baba ya rufe ido kamar mai barci, ni kuma na kafa wa titi ido har Gombe.

Na yi niyyar gaya mata washegari. Washegari na ga tana cikin farin ciki, na ce a bari ta ɗan more. Mako ya zagayo, na ce sai bayan bikin maƙwabta. Haka na yi ta samo wa kaina dalili, kuma ni gwani ne wajen samo dalili. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, duk Juma'a da hannuna nake sauke ta a Madaki, in ce mata Allah ya sa a dace.

Cin abincin Baba bai wuce kwana goma ba ya koma yadda yake. In na durƙusa gaishe shi sai ya dube ni, in sunkuyar da kai. Sau ɗaya tak ya tambaya.

"Malam, ka yi?"

"Tukuna, Baba."

Bai sake tambaya ba. Wata biyar bayan zuwanmu Tula, wata Laraba da hantsi, ya cika a ɗakinsa.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, na tarar da ita da la'asar a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, yanzu kuma ta yaya za a yi labarin rasuwar ya kai wa ƙaninta? A nan dalilaina suka ƙare. Na jawo kujera na zauna, na faɗa mata duka, yadda Baba ya faɗa mini. Na shirya wa kuka da faɗuwa, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar Tula."

Ta dube ni, kallon da na gwammace a ce mari ne. Sannan ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa:

"Baba ya fuskantar da shi alƙibla?"

Na zauna da mutumin nan a kan katanga, na yi wata biyar ina gaishe shi safe da yamma, ko sau ɗaya wannan tambaya ba ta zo mini ba.

"Eh," na ce. "Ya fuskantar da shi."

Ta ce Alhamdulillahi, ta ɗauki faifanta ta shiga kicin. Har yau a kan wannan amsa take, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.