Manejin Inna

Ban san ranar da kalmar maneji ta shigo gidanmu ba. Na dai tashi na tarar da ita a bakin mahaifiyata, Inna, wadda ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. An ce a wurin Bature kalmar manya ce, ta masu tafiyar da ma'aikata. Mu a Ƙofar Marusa muka mai da ita ta talaka. Tela ya ce yadi bai kai ba, a yi maneji. Bakanike ya ɗaure salansa da waya, maneji. Baƙi suka sauka miya ta yi kaɗan, Inna ta ɗauki moɗa ta ƙara ruwa. Da moɗar nan ta raine mu mu shida bayan rasuwar Baba, har mukan tsokane ta cewa ko ruwa aka ba ta ajiya sai ta ƙara masa ruwa.

Bara likita ya ce tana da hawan jinin ido. Ya rubuta maganin ɗigawa, safe da yamma, kwalba ɗaya wata ɗaya, ya kuma ja kunnena cewa ganin da ya tafi ba ya dawowa. Wata uku ina tambayarta, tana cewa da saura. Ni kuma, sakarai, har daɗi na ji.

Ranar da na miƙa mata kofin fura ta kai hannu ta kama iska, sai na nufi ɗakinta. Na buɗe kwallar da take ajiya, sai ga kwalbar maganin cike taf.

"Inna, me kika zuba a ciki?"

"Zamzam ne, tsarabar Hajiyar maƙwabta. In ya yi rabi sai in cika. Mi ya fi shi albarka? Kai ma hwa kana da iyali."

A asibiti na riƙe hannun likita, da gemuna da komai, ina kuka. Na ce a yi aiki, a tura mu ko'ina ne, zan sayar da babur ɗina yau ɗin nan. Ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu saura kaɗan, shi ma ba ya ba ni tabbas. Wallahi na tsani kaina, don na san halinta tun ina goye, amma ban taɓa buɗe kwallar nan ba.

A hanyar gida ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Bar kukan haka nan, ɗan nan. Ɗayan ai yana ɗan gani. Sai mu yi maneji."