Komon Baba Kyauta a Lozells

Withington, kafin gari ya waye

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Asabar na ja ƙofar flat ɗinmu a unguwar Withington ta Manchester, ana yayyafi, da rikoda a aljihu da littafin rubutu a jaka. Ga 'yan gida da ba su san abin da ya fitar da ni ba: shekara uku ke nan ina digiri na uku a Manchester a kan waƙoƙin maharba, musamman na komo, babbar garayar nan ta ƙwarya. Kundin nawa magana ɗaya yake maimaitawa tun daga farko har ƙarshe: waƙar komo ta mutu. A babin ƙarshe na rubuta cewa Baba Kyauta Mai Komo, na wani ƙauye bayan Tudun Wada a gefen dajin Falgore, shi ne na ƙarshe, kuma ya rasu. Na yi masa ta'aziyya ta shafi biyu da Turanci, har supervisor ɗita, malamar da ke duba aikin, ta ce ta yi ƙwalla. Saura mako uku in miƙa.

Sai matata Hajara ta miƙo mini wayarta ran Laraba. "Abban Ummi, wannan ba abin nan ba ne da ka ce ya mutu?" Bidiyon wani saurayi ne a Birmingham, da rigar masu kwashe shara mai ƙyalli, rungume da komo. Na ce kwaikwayo ne. Ta ce to in je in tabbatar, ta kuma samo mini lambar mahaifiyarsa wajen wata nas da suka saba.

A hanya

Bas ta kai ni tsakiyar gari cikin minti ashirin. Babbar motar Birmingham ta tashi ƙarfe bakwai daidai, babu jiran cikon mutum ɗaya. Direbar wata dattijuwa ce. Ta duba tikitina a waya ta ce, "Cheers, love," wato na gode, masoyi. Ni da ɗalibai ke ce wa ranka ya daɗe a gida. Na wuce na zauna.

Mil tamanin da 'yan kai ne, babu shinge ko ɗaya, babu mai leƙo kai ya ce me aka kawo masa. Abin da ya tsayar da mu kawai aikin hanya ne wajen Stoke, minti ashirin da biyar, ma'aikata shida suna kallon rami ɗaya. Wannan kam na ji kamar ina gida. A nan na tsara tambayoyi goma sha biyu da za su tona asirin yaron. Mun sauka tashar Digbeth a Birmingham ƙarfe goma saura kwata, na karya da shayi da burodi a tsaye, na sake hawa bas zuwa unguwar Lozells.

Lozells

Gidajen jan bulo ne manne da juna, kowace ƙofa da kwandunan shararta. Mama Rifkatu, mahaifiyar yaron, ta buɗe mini. Mutuniyar Kano ce, Kirista, tana aikin kula da tsofaffi.

"Malam, sannu da hanya. Ka shigo, Dauda yana shift, sai sha biyu. Naman halal ne fa, a shagon kan layi na saya, ka saki jiki."

Tuwo ne da miyar kuka da man shanu. Na zo kama ɗanta da laifi, na ci malmala biyu.

Dauda ya shigo sha biyu da kwata, dogo, ɗan shekara ashirin da huɗu, haifaffen unguwar. Ya rusuna. "Sannu da zuwa, Uncle. Sorry, motar council ɗin ce ta ɗan ba mu problem." Hausarsa tana ɗingishi, raina ya yi fari. Na kunna rikoda.

"Ka taɓa shiga daji?"

"Na je park da yawa."

"Ka taɓa ganin ɓauna?"

"A zoo. School trip ne."

"Ka taɓa harbin wani abu?"

"Uncle, a nan ai sai police."

Na rubuta amsoshin nan da murna, na ja musu layi. Sannan ya ɗauko komon daga bayan kujera. Mahaifiyarsa ce ta rungumo shi a jirgi tun daga Kano. Ya ɗaure tsirkiya, ya rufe ido, ya sa hannu.

Ban san lokacin da na ajiye biro ba. Muryar da ta fito ba ta ɗingishi. Ya yi waƙar ɓauna da ta gwanki kamar yadda na sha ji a tsofaffin kaset-kaset, har inda ake jan numfashi. Daga nan ya shiga tasa, ta yanyawar da ke riga shi zuwa kwandon shara kullum da safe:

Jar yanyawa mai gadin layin Lozells,
Ba ki da dawa, ni ma ba ni da shi,
Ki ci rabonki ki bar mini murfin,
Maharbi da nama mun zama maƙwabta.

Ya kai ƙarshen waƙar. Na tsallake tambayoyi tara na ce, "Wa ya koya maka?"

"Kakana. Baba Kyauta."

Na sunkuyar da kai. "Allah ya ji ƙansa."

Mama Rifkatu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ƙan wa, Malam?"

"Baba Kyauta."

"Babana? Jiya ya ce in aika masa da man zafi."

Dole na ba su labari. Shekara biyu da suka wuce na je nemansa da damina. Na isa tashar Tudun Wada aka ce hanyar ƙauyen ta caɓe, sai a babur, ni kuma da farar shadda. Na tambayi wani mai shayi, ya ce ai Kyauta ya rasu. Na juyo Kano, na rubuta a ƙasan shafi cewa na samu labarin daga hira da mazauna yankin.

"Kyauta mai gyaran keke ke nan," in ji Mama. "Shi kam ya rasu."

Ƙarfe biyu, bayan na yi azahar a ɗakin Dauda, wayarsa ta yi ƙara. Ashe kowace Asabar a wannan lokaci suke darasi ta bidiyo, shekara biyar ke nan. Wata hula ta cika allon, sai goshi, sai ido ɗaya. Dauda ya yi masa bayani. Na durƙusa a gaban waya, a kan kafet ɗin mutane.

"Kai ne malamin da ya kashe ni?"

"Baba, kuskure aka samu. A gafarce ni."

"Da me na mutu?"

"Gajeruwar rashin lafiya na rubuta."

"To mun gode Allah, ban sha wahala ba. An taru?"

"Ban kawo wannan ba, Baba."

"Kai ma ba ka zo ba ke nan." Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. Da ya lafa ya ce, "Na ji kana tambayar abokina ko ya shiga daji. Kai ka shiga?"

Na ce na karanta sosai a kansa.

"To ku biyu ne. Mu ma nan dajin ya fi ƙarfinmu, maharba sun rataye baka. Jikokina ashirin da ɗaya, duk a gabana suka girma, babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa. Sai wannan na Ingila, da ba ya iya gaishe ni sai ya karya harshe. Amma hannunsa nawa ne. In ka rubuta, ka rubuta haka."

Suka shiga darasi. Tsohon ya tsayar da shi sau huɗu a baiti ɗaya, ya kira shi rago, ya ce yanyawar nan a ƙara mata kirari tunda ita kaɗai ta rage masa. Na zauna a gefe da rikoda, awa ɗaya da rabi. Ya fi duk abin da na tara a shekara uku.

Komawa

Motar biyar saura kwata na samu. Daga Birmingham zuwa Stafford ina ta shawara da zuciyata. Masu jarraba ni Turawa biyu ne da ba su san inda Tudun Wada take ba. In na yi shiru, cikin mako uku na gama. In na yi magana, babin ƙarshe ya rushe, na farko ma ya tsage, ga masu tallafin karatu da ba sa son jin kalmar ƙarin lokaci. Mun wuce Stoke, mutanen nan shida sun tashi sun bar raminsu, na buɗe waya na rubuta wa supervisor cewa mamacin da ta yi wa kuka yana gaishe ta, kuma ina neman wata shida.

Bakwai da rabi na buɗe ƙofa a Withington. Hajara ta dube ni ta ce, "Kwaikwayon ne?" Na ce ta zubo abinci tukuna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Mama Rifkatu da tuwonta, da Dauda da bai riƙe ni da tambayoyina ba. Godiya ta musamman ga Baba Kyauta, wanda ya yafe mini bisa sharaɗi ɗaya: in fassara shafi biyun nan zuwa Hausa in aika masa. Ya ce yana so a karanta masa a gaban mutanen gari, su ji yadda ake yabon mutum tun yana iya cewa amin.