Ranar da Na Wayar da Gonar Dada

Wata Asabar, a daminar da nake aji biyar, na saɓi fartanya, na kwance igiyar shanyar gidanmu, na nufi gonar kakata Dada da ke hanyar Kona da niyyar wayar da ita. A makon ne sabon malaminmu na aikin gona, Malam Iliya, ya buɗe mana wani littafi mai hoton Bature a kan tarakta, ya ce gonar kimiyya iri ɗaya ake shuka mata, a layi, kamar sojoji a fareti. Duk abin da ya fito daga layi sunansa ciyawa.

Gonar Dada kuwa kasuwa ce. Dawa na tsaye, wake ya naɗe mata ƙafa, kabewa na yawo inda ta ga dama, ga kuɓewa, ga yakuwa. Da yake Dada ta tafi bikin suna a garin Mutum Biyu, sai na ja igiya na duƙufa. Kafin azahar na tumɓuke duk abin da ba dawa ba, na tara a bakin gona, ina gumi ina jin kaina ma'aikaciyar gwamnati. Awakin maƙwabta ne suka fara yaba aikin.

Da ta dawo ta gani, ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, shanun wa suka shiga?" Na ce ba shanu ba ne, kimiyya ce. Ta ce, "To ita kimiyyar, da me take miya?" Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi. Zama ta yi a kan kunya tana juya busasshen ganye a hannu. Ashe waken irin mahaifiyarta ne, kuma ko ƙwaya ba ta rage a gida ba.

Ranar Litinin ta tasa ni gaba har aji. "Ɗana, mai littafin nan ya taɓa cin tuwo a Jalingo?" Ta karanta masa cewa wake ke ciyar da ƙasa, ganyen kabewa ke yi mata inuwa. Malam ya share gumi, ya sassauta murya ya ce tasa mahaifiyar ma haka take noma, littafin na jarrabawa ne. Sati biyu yana bin gidaje da keke yana cigiyar irin waken, har ya dace da wata tsohuwa Bamumuya da Dada ta taɓa ɗibar wa irin. Ta aiko da cikin tafi biyu. Mu kuma muka sha miyar kuka har kaka.

Yau Dada ta daɗe da rasuwa, gonar kuma ta zama gidajen bulo. Bara na zauna taro a wani otal mai sanyi, wani masani ya haska mana bango yana koya mana haɗa dawa da wake, da sabon suna na Turanci. Muka tafa, aka raba mana takardar shaida. Na karɓi tawa idona na ƙasa. Ban san wa zan kai wa ba.