Kazar da Na Yanka wa Surukina

Surukina ya zo ɗaukar ɗiyarsa wata bazara, 'yan shekaru bayan Nasara sun bar mulki. Hatsinmu bai yi ba waccan shekarar. Labari ya kai masa can rugarsu ta wajen Keita cewa matata tana da ciki kuma dussa take sha. Ba ƙarya anka gaya masa ba.

Da hantsi ya iso ƙauyenmu na ƙasar Buza, bisa jaki, yana jaye da wani jakin ba kowa a kansa. Da na ga jaki na biyu na san abin da ya kawo shi. Munka gaisa a zaure. Ya ce in rana ta yi sanyi zai koma, bai ƙara komi ba.

Kaza guda ta rage mana, tana cikin yin ƙwai. Na kama ta bayan rumbu na yanka. Nufina ya ci nama a gidana, ya ga ɗiyarsa ba wurin matsiyaci take ba, ya bar mini ita. Na taɓa yin aiki wurin wani mahauci a kasuwar Madawa, na iya tsire. Na zare ƙashi, na yanyanka tsokar sirara, na feƙe tsinke daga reshen aduwa. Innata ta ciro ƙuli-ƙulin da take ɓoyo cikin tukunya. Ta daka rabinsa da tanka, wato barkono, da gishiri na barbaɗa wa naman, sauran rabin ta dama da ruwan zafi da albasa ya yi kauri, na dangwalawa. Matata tana ɗaki tana ɗaure tufafinta. Ba wanda ya ce ta ɗaure.

Na hura wuta da kara da kashin shanu, na kakkafa tsinken kewaye da ita. Ba mai, sai kitsen kazar nake shafawa. Iska tana karkato harshen wuta, ina juyawa da yatsu har sunka yi bororo. In ya ƙone, ba wata kazar.

Na kai masa cikin akushi, na tsuguna gabansa. Bai miƙa hannu ba. Ya dubi bango, ya tambaye ni zurfin rijiyarmu. Na faɗa masa. Kitse ya fara daskarewa, ƙuda sunka taru, ina kora. Na ɗauka ya ƙi abincina ke nan, magana ta ƙare. Na buɗe baki zan yi magana, sai Inna ta kira ni daga tsakar gida.

«Kai, tashi ka ba mutum wuri,» ta ce a hankali. «Bafillace ne. Ko yunwa za ta kashe shi ba ya tauna gaban mijin ɗiyarsa.»

Na koma bayan danga na tsaya cikin rana. Ba na ganinsa, ba na jin komi sai jakuna suna kaɗa kunne. Da ya yi gyaran murya na shiga. Ya ci kaɗan, ya rufe sauran, ya ce a kai wa mai ciki. Ya tambaya ko kazar tana ƙwai. Na ce tana yi.

«To gobe mi ɗiyata za ta ci?»

Ya ce ya ga ban raina shi ba, aure yana nan, amma ɗiyarsa za ta bi shi ta sha nono har hatsi ya nuna. In rumbu ya cika in zo da kaina. Da la'asar na ɗora ta bisa jakin, ban raka su ba.

Damina ta yi kyau. Da kaka na tahi, na iske ta da ɗa namiji a baya, munka dawo tare. Bayan shekaru masu yawa matar tawa ta rigaye ni, an rufe ta can ƙauye. Ni yanzu ina Madawa, gidan wannan ɗan, idona ya yi rauni, ba na fita.